Rasuwar Kwamishina Wendell Etchegaray, Mai Amsa Kiran Gaggawa

Cikin alhini da kaɗuwar da har yanzu ba ta sake mu ba, Ƙungiyar Ƙananan Hukumomin Karkara Masu Filayen Tarayya na sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar shugabanta, dattijo mai daraja, Shugaban Majalisar Ƙaramar Hukumar Antelope Rim, Kwamishina Wendell Etchegaray, wanda ya yanke jiki ya faɗi ranar Asabar da rana tsaka a garkensa, ana tsakiyar gayyar yi wa maruƙa lamba, igiya a hannunsa, maƙwabta na kallo.

Wallahi mun rasa bakin magana. Mutumin da a makon jiya yake zolayarmu a taro, yana cewa duk wanda ya makara shi zai biya kuɗin kofi!

Kowa ya san halin da muke ciki: kusan duk ƙasarmu, daji da dutse da makiyaya, ta gwamnatin tarayya ce, ba mu da ikon sa mata haraji, sai abin da aka aiko mana a madadinsa, shi ma bana a samu, baɗi a yi ta jira. Shekara da shekaru marigayin yana sa hular kaboyinsa da takalmin da bai taɓa rabuwa da kashin shanu ba, ya nufi babban birni, ya bi ofis-ofis yana faɗa wa jami'an gwamnati a fili cewa bishiya ba ta biyan haraji, amma wanda bishiya ta faɗo wa, mu yake kira. Buƙatarsa guda ce, ya nanata ta har wasu suka gaji da ganinsa: a tabbatar da kuɗin nan, domin Antelope Rim ta ɗauki ma'aikaci na dindindin ga motar ɗaukar marasa lafiya guda ɗaya tilo da take da ita.

Da abin ya ƙi samuwa bai zauna ba. Shi da kansa, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, ya shiga sahun 'yan sa-kai masu karɓa-karɓar tuƙa motar, rediyon kira rataye a ƙugunsa ko a coci. Matan da suka haihu a bayan motar nan, da mafarautan da ya sauko da su daga kan dutse, su za su ba da labari.

Ga abin da ya fi girgiza mu. Da ya faɗi, mai ɗakinsa, Uwargida Loretta Etchegaray, ta buga lambar gaggawa, aka aika kira ga direban da ke bakin aiki a makon, sai ga rediyon yana ƙara a ƙugun mutumin da ke kwance a ƙasa. Makonsa ne. Maƙwabta suka sa shi a bayan motar ɗaukar ciyawa suka nufi asibiti, kafin su haura tsauni rai ya yi halinsa.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Uwargida Loretta, da 'ya'yansa Dale da Corinne, da jikoki, da 'yan majalisa, da ɗaukacin mutanen Antelope Rim. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba iyalansa ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, mu kuma ya ba mu ikon ƙarasa abin da ya fara.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe a cocin garin. Bisa al'adarmu, idan ɗan sa-kai ya rasu akan kira sunansa ta rediyo a bakin kabari, a yi shiru, sannan a sallame shi daga aiki. Muna sanar da jama'a cewa wannan karon ba za a yi ba. Mun kai wa Uwargida Loretta maganar, ta miƙo mana rediyon, ba a ma kashe shi ba, ta ce: "An kira shi ranar Asabar ina durƙushe a kansa. Kada a sake kiransa. Ku nemo wanda zai amsa."

Sa hannu:
Marva Tuckett
Sakatariyar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Ƙananan Hukumomin Karkara Masu Filayen Tarayya