Sunan da Ke Kan Takarda

Assalamu alaikum Yaya Kadiri,

Gaisuwa mai yawa daga Malanville. Ina fatan wannan takarda ta iske ka lafiya a Kumasi, kai da Munawwara da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, Kaka ta fara cin tuwo, Na'ima kuma ta yaye ɗiyarta.

Yaya, kwana tara ke nan ɗana Na-Allah yana hannun jandarma. A hanyar Madécali suka tare shi da bido, wato jarka, huɗu na mai, na injin ban-ruwan albasarsa. Sun ce mai da yawa haka, mutanen daji ake kai wa. Ban ƙi binciken ba, Allah shaida; tun da suka tsare hanyar muke zuwa kasuwar Guéné hankali kwance. To amma kamun zato har yaushe, ba alƙali, ba mai shaida? Kuma wa ya gaya musu ranar da zai bi? Badaru, wanda gonarsu ke haɗe, kwana biyun nan kullum yana shan shayi a bakin shingen jandarman. Da na gaishe shi jiya, ƙasa ya duba. Na san zato zunubi ne, ina ta istigfari, amma zuciyar ta ƙi kwanciya.

Sai dai babban laifin nawa ne. Da suka kira ni, babbansu ya tambaye ni sunan ɗana. Ka san ɗan fari ne, shekara ashirin da bakwai bakina bai taɓa kama sunansa ba. Na ce Na-Allah. Ya duba katin shaidar yaron, ya ga ba shi ba ne a rubuce, ya sake tambaya, na sunkuyar da kai. Sai ya rubuta wai uwa ba ta san sunan ba, ƙila katin na wani ne. Yanzu an ce ranar Alhamis za su wuce da shi kudu.

Takardar haihuwarsa tana cikin akwatin marigayi Baba da ka tafi da shi. Don Allah ka ɗauki hotonta ka aiko wa ƙanensa Faruku a waya, kada ta kai Laraba. Ni ma zan koma wurinsu. Tun jiya nake shiga ɗaki ina gwada faɗi, a hankali, don kada murya ta ƙi ni a gabansu: Mahfuzu. Ga shi na rubuta, Yaya.

Ka gaishe mini da Munawwara, da Taufiq, da Inna Salamatu. Ku sa shi a addu'a.

Ƙanwarka,
Ummul-Khairi