Bakan da Abba Ya Busar a Jikin Tarakta

Ku iyaye maza da wannan takarda za ta faɗa hannunku, ku ji da kyau: in ɗanku ya tambaye ku yadda ake yin abu, kada ku zaci zai zauna jiran ku. Wani zai je ya tambaya, kuma ba lallai wanin ya sani ba.

Zuwa ga maigidana, Malam, a mashru'in, wato babbar gonar da kake wakilci can Fashaga. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan riɗi ya yi kyau, ina sanar da kai cewa idon Abba na dama yana naɗe da bandeji. Likita bai ce zai gani da shi ba, bai kuma ce ba zai gani ba.

Ka sani, tun da yaron nan ya ji cewa mahaifinka, mai sunansa, maharbi ne, ba shi da zance sai na baka. Injuna sun share dajin Gadarif, ko sandar kiwo ta kirki ba a samu, don haka har Hawata ya je, bakin kogin Rahad, ya saro sandunan dargaza biyu miƙaƙƙu. Ranar da ka zo ɗaukar kaya ya bi ka har bakin lori da su a hannu, yana tambayar yadda Tsoho ke busar da itace. Ina tsaye ka ce, "Sai bayan girbi." Bara ma haka ka ce masa.

Bayan mai afkuwa ta afku na je wajen Baffa, ƙanen mahaifinka. Ashe amsar ba ta wuce numfashi ɗaya ba: a bar sandar da ɓawonta, a soke ta a jinkar madafi, inuwa da hayaƙi su ci ta daga damina zuwa damina. Kai ma ka san wannan.

Abba kuwa wajen wani direban tarakta ya je ya tambaya. Direbobi a jikin inji suke shanya komai, daga rigar da suka wanke har nama. Ya ɗaure masa ɗaya da waya kusa da salansa, aka yini ana noma. Da yamma ta yi sakayau, ta yi ja kamar ta shekara. Cikinta kuwa ya gasu.

Ban taɓa ganin ya natsu a kan littafi kamar yadda ya natsu a kan sandar nan ba, kuma na gaya masa haka. Ya sassaƙe ta da wuƙa, ya kankare da fasasshiyar kwalba, ya shafe da man riɗi. Tsirkiyar daga fatar layya ya yanko, ya murza a cinyarsa har wurin ya saluɓe. Bayan la'asar ya kira ni da ƙannensa tsakar gida mu gani. Ya ja har kunci. Sai muka ji ƙas, bakan ya karye, reshen sama ya dawo masa a fuska.

A asibiti bai tambayi idonsa ba. Cewa ya yi, "Inna, kada ki gaya wa Baba, zai ce ban iya ba." Ga shi na gaya maka, don ka san abin da ɗanka ke tsoro fiye da makanta.

Ba na cewa daɗi kake ji a can. Na san rana, na san sauro da zazzaɓi, na san dominmu ne. Amma Malam, duk lorin da ta tsaya a layinmu sai Abba ya juya kansa gaba ɗaya, tunda yanzu haka yake dubawa. Ka zo ka zauna kusa da shi, ko ba ka ce komai ba.

Allah ya ba shi lafiya, ya mayar masa da ganinsa, ya jiƙan Tsoho, ya kawo ka gida lafiya. Amin.

Ni ce taka, uwar yaranka. Kuma ga dokar da na kafa: ɗaya sandar tana jinkar madafi, ba mai sauko da ita sai kai. Daga yau ba wanda zai ƙara tanƙwara itace a gidan nan sai ubansa na tsaye a kansa.