Ranar da Muka Share Zauren Sanyi

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwar wadda kewarki ta dama. Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Yaya maigidan da 'yan rigimata? Ni lafiya lau, sai zafin da ake zuba mana a birnin nan, wanda har kwalta yake narkarwa.

Kin tambayi aikin da na samu. Wani tsohon ɗakin karatu ne magajin gari ya mayar zauren sanyi. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, da tankin ruwa, da kujeru, da Nas mai auna jini. Duk wanda zafi ya koro yana shigowa, ba a tambayarsa takardar zama a ƙasa. Ni ce mai shara da cika ruwa, ni ce kuma mai raba faɗa idan tsofaffi sun kaure a kan kujerar kusa da na'ura. Shugaban masu rigimar shi ne Baba Tela. Baƙo ne daga wata ƙasa, yana da hawan jini, ɗakinsa kuma can saman bene yake ƙarƙashin kwano, da rana kamar tanda. Nas ta ce ba don zauren nan ba da tuni an yi zaman makokinsa. Shi kuwa kullum cewa yake zai aure ni, ranar da na iya zura zare a allura.

To ga abin da ya hana ni sakat. 'Yan majalisar birni sun tasa magajin gari a gaba da bincike. Wasu sun ce zauren ɓarnar wuta ne, ba mai zuwa. Wasu sun ce matattarar marasa takarda ce. An naɗa kwamiti zai zo ranar Laraba, kuma abin da ya gani shi zai sa a bar mu ko a garƙame ƙofa.

Mun zauna ni da Nas da Maigadi mun tsara komai. Manyan baƙi za mu yi, ai ba ma bari su tarar da tulin takalma a bakin ƙofa da yara suna hawa kujeru. Muna kuma tsoron kada a zo da jami'an shige da fice. Don haka mun roƙi mutanenmu kada kowa ya shigo ranar sai baƙi sun tafi. Ni na kawo shawarar, kuma ina ji da ita. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta wannan, don na san sai kin yi mini dariya har da hawaye.

Ranar Laraba na goge zauren nan har mutum na iya duba fuskarsa a daɓe. Na jera kujeru reras, Maigadi ya sa hularsa ta zuwa biki. Kwamiti ya iso da tsakar rana, shugabarsu wata doguwar mata mai tabarau wadda ko murmushi ba ta yi. Ta tsaya ta dubi kujeru babu kowa, ta dubi na'ura tana ta hura sanyi ga bango. Wani a cikinsu mai jan nakatayel ɗaure a wuya ya kaɗa kai, ya ce dama abin da suke faɗa ke nan. Sai lokacin na gane cewa da hannuna na share musu hanyar rufe mu. Nas ta buɗe baki za ta yi bayani, Mai Tabarau ta ce ba bayani ta zo ji ba, gani ta zo yi.

Har sun juya za su fita sai wayarta ta yi ƙara, ta tura ƙofar baya don ta amsa. Na bi ta da kofin ruwa, ina ta salati a zuci.

Ashe mutanenmu ba gida suka zauna ba. Ina za su zauna, a ɗakunan da suka gudo daga cikinsu? Suna nan jere a gindin katanga, sun matsu a 'yar siririyar inuwar da ba ta kai tabarma faɗi ba. Tsofaffi, masu goyo, 'yan dako, kowa shiru don kada su ba mu kunya. Wasu har sun sa kayansu masu kyau, tunda an ce baƙi za a yi. Baba Tela ya miƙe da ƙyar, rigarsa sharkaf da gumi, ya gaishe ta da ladabi, ya ce kada ta damu da su, su gama ganin wurin a tsanake, za su jira.

Matar nan ta kashe wayar, ta karɓi kofin daga hannuna ta miƙa masa. Sannan ta wangale ƙofar ta riƙe da kanta har na ƙarshensu ya shige. Mai jan nakatayel ya fara zancen takardu, ta ce ya ajiye shi sai a zauren majalisa. Ni kuwa ta kalle ni ta saman tabarau, ta tambayi mai wannan dabara. Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban san abin da za su yanke ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Ƙanwarki mai dabara,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da yara. Albishirinki. An kaɗa ƙuri'a, zaure ya tsira. Da ƙyar ne, kuma zancen takardu an ɗage shi zuwa baɗi, ba a kashe shi ba. Amma bana dai Baba Tela zai yi barcin ranarsa cikin sanyi. Maigadi ya yi rawa a bakin ƙofa, Nas ta rungume ni tana kirana uwar 'yan tsafta, sunan da na san ya bi ni ke nan.

Jiya kuma Mai Tabarau ta dawo ita kaɗai, ba sanarwa. Zaure ya cika maƙil, takalma tuli, wani yaro ya zubar da ruwa ban kai ga gogewa ba. Ta duba ko'ina babu kujera ko ɗaya da ba kowa a kai. Wata mai jego da ba ta san ta ba ta miƙa mata jariri ta riƙe, don a auna ta. Haka matar nan ta jingina da bango tana jijjiga ɗan mutane, har na ga haƙoranta. Na yunƙura zan tashi wani in ba ta wuri, sai na fasa, na bar ta a tsaye. Tunda nake ban taɓa barin baƙo a tsaye na ji daɗi irin na jiya ba.

Ki shafa mini kan yara, ki kula da ƙafar nan.

Taki mai kewarki,
Auta