Baba Ya Ce a Miƙa Miki Salka

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Gwaggo?

Jiya na kai Baba gidan tarihi na unguwar Murabba, inda ake ba tsofaffi masu ciwon mantuwa kayan gargajiya su taɓa. Aka ba shi tsohuwar salkar ruwa. Ya kwance bakinta, ya ce, "A miƙa wa Hadiza, tana jin ƙishi." Sannan ya dube ni: "Malam, kai ɗan waye?"

Ni da nake masa wanka kullum! Ke da kika yi wata biyar ba waya, ke ya riƙe. Na karanta, ciwon nan ba ya ja da baya. Ki kira shi tun sunanki bai bi nawa ba.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Gwaggo.

Ƙanenki,
Sani