Sojan da Ke Flat na Goma

Litinin, 4 ga Maris, 2024
Sabon maƙwabci a flat na goma. Na ji yana waya da Rashanci, sai na gaishe shi da ɗan abin da na koya lokacin karatun likita a Kursk. Ya firgita har makullinsa ya faɗi. Wai sunansa Gleb.

Asabar, 23 ga Maris
Ya gyara mana boiler ɗin ruwan zafi, Faruk ya tsare shi shan ruwa. Mijina dai! Bayan kunu Gleb ya buɗe baki. Manjo ne a sojan Rasha. An ba shi umarnin luguden wuta a kan wani gari da mutane a ciki. Ranar farko ya bi umarni. Rana ta biyu ya tuɓe kaki ya shiga daji.

Matarsa da 'yarsa suna can Rasha.

"Doctor, kada maganar nan ta fita ɗakin nan." Na ce haba.

Laraba, 10 ga Afrilu
Sallah. Gida ya cika, shi ma ya shigo da tuffa. Ƙawata Safura ta dame ni, "Wane ne wannan Bature?" Na raɗa mata a kicin. Alfahari nake yi da shi, wallahi ba wani abu ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Safura ta sa hoton Sallarmu a group ɗin matan unguwarmu ta Lewisham. Ga fuskarsa, ga labarinsa a ƙasa. Mata ɗari uku! Kafin ta yi deleting an riga an tura gaba.

Juma'a, 19 ga Afrilu
Wasu mutum biyu daga hukuma sun zo sun kwashe kayansa, za a sauya masa gari. Mun haɗu da Gleb a matakala. Ya ce a can Rasha an kira matarsa an yi mata tambayoyi, an kuma kore ta daga aiki. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ni ma na taɓa yin abin da ba ya gyaruwa." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

 

Lahadi, 5 ga Mayu
Wata mata ta tare a flat ɗin, da jaka ɗaya da tabo a wuya. Na kai mata abinci. Ta tsaya a ƙofa, kamar mai son a ce mata zauna ki faɗa.

Na ce ta bar kwanon a ƙofata idan ta gama. Na juyo.

Gajiya ce kawai, ina jin.