Makullin Asusuna Yana Aljihun Surukina

Assalamu alaikum Baba Abdulbaƙi. Don Allah ka taimake ni da shawara, amma ka sakaya sunana, don a Magama idan mutum ya yi atishawa da safe, kafin azahar an yi masa sannu daga Riko.

Ni mai awon hatsi ne a Jibiya. Ina da wani aboki, Arzika, yayan matata Salmatu, yana zaune a tsallaken boda, wajen Ɗan Isa ta Nijar. Shekarar da aka yanke mana sabis saboda matsalar tsaro, duk wanda ke son waya sai ya nemi layin Nijar ya hau tudu. A lokacin ne Arzika ya buɗe mini asusun imel, ya saita shi yadda duk abin da na ɗauka da waya zai riƙa ajiyuwa a can. Ya kuma sa wani abu da ya kira makulli na biyu: ko mutum ya san kalmar sirri, ba zai shiga ba sai an turo wasu lambobi ta saƙo. Da yake layina a mace yake, sai ya sa nasa. Na yi masa godiya, har na ba shi wake.

Bayan nan aka rufe boda. Cikin rufewar matarsa ta haihu, ya sa wa yaron sunana. Ban je suna ba. Ni mutum ne mai bin doka, ga kuma gwiwa. Shi kuwa ya ce har tsofaffin mata sun ratsa ta gonaki a kan babur sun je, wata ma da tukunya a cinya. Tun daga nan ba ya kirana, ni ma ban ga dalilin da zan fara ba. An buɗe boda tuni, amma tamu tana nan a rufe.

To, watan jiya wayata ta faɗa kwatarniyar ruwan awaki. Na binne ta cikin buhun shinkafa kamar yadda aka ce, ba ta tashi ba. Na sayi sabuwa, na sa kalmar sirrina daidai, sai ta ce ta tura lambobi zuwa wani layi. Na duba ƙarshen lambar, na Arzika ne. Na sake dannawa, ta sake tura masa. Kullum bayan la'asar nakan danna ko za ta gaji ta canja ra'ayi. Ba ta canja ba.

Baba, ba hotunan buhuna ne suka dame ni ba. Mahaifiyata Inna, Allah ya jiƙanta, kafin ta rasu na ɗauki muryarta tana yi wa jikokinta tatsuniya, da waƙoƙin cikinsu, da tarinta, da inda take tsayawa ta yi wa Salmatu faɗa kan gishiri. Babu su a ko'ina sai a asusun nan. Ƙaramar 'yata ba ta san muryar ba.

Wani mai gyaran waya a tasha ya ce in ba shi kalmar sirrin da wayar, zai fasa makullin. Wani kuma ya ce a kira Arzika da baƙuwar lamba, a yi masa Faransanci, a ce daga kamfani ne, ya karanto lambobin. Salmatu ta ƙi shiga maganar, ta ce ita ba masinja ba ce. Abin da kawai ta ji daga matarsa shi ne ya yi sabon layi na kasuwanci, tsohon kuma ya sa shi cikin wata ƙaramar salula, yana zuba masa kati, ba ya kiran kowa da shi. Wace hanya ta fi cikin biyun nan? Ka dai san tsakanina da Arzika ni ne babba da wata huɗu.

Naka, Mai Awo.

Wa alaikumus salam Mai Awo. Allah ya jiƙan Inna, ya ƙara wa gwiwa lafiya.

Da farko, kada ka ji haushin makullin. Aikinsa yake yi. An ce masa kada ya buɗe wa wanda ya zo da kalmar sirri kaɗai, ka zo da kalmar sirri kaɗai, ya hana ka. Da ɓarawo ne ya zo, da haka zai tsaya yana dannawa bayan la'asar. Kuskuren ɗaya ne: an rataye mabuɗin a aljihun wani, aka manta ba a karɓo ba da sabis ya dawo.

Mai gyaran tasha ba zai fasa komai ba. Zai dai tashi da kalmar sirrinka, kai ka tashi da wayarka. Hanya ta biyu kuwa ita ce ainihin sana'ar 'yan damfara, kuma idan Arzika yana da hankalin da ya sa maka makullin nan, zai kashe wayar tun kafin a gama gaisuwa. Akwai hanyar neman a maido da asusu ba tare da lambobin ba, amma tana ɗaukar lokaci, kuma ba kullum ake dacewa ba. Ni ba zan sa muryar mahaifiya a caca ba.

Batun suna, kana da hujja: doka doka ce. Shi ma yana da tasa: mutum ba ya sa wa ɗansa sunan wanda bai damu da shi ba, kuma waya ba ta buƙatar biza. Wata huɗun da ka ba shi na gani, na kuma jinjina.

Ka shirya ka tafi Ɗan Isa da wayar a hannu. Lambobin nan ba sa jimawa suke lalacewa, don haka zama kusa ya fi aike. Idan ka shiga, kada ka cire makullin. Ka mayar da shi kan layinka, ka ƙara wani layin na cikin gidanka. Akwai manhajar da ke fitar da lambobin a cikin wayar ko babu sabis, ka sa a ɗora maka, mu mutanen bakin iyaka mun san amfaninta. Asusun zai ba ka wasu lambobin ko-ta-kwana, ka kwafe su ka adana inda awaki ba sa zuwa. WhatsApp ma ka sa masa nasa. Muryar Inna kuma ka sauke ta a wuri biyu. Daga ranar, duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi, ko da muryata ya zo, ka ce masa sai an jima.

Kada ka ja lokaci. Layin da aka daina amfani da shi kamfani kan karɓe ya ba wani, daga nan sai ka nemi mabuɗinka a hannun baƙo a Maraɗi.

Amma ka sake karanta wasiƙarka. Mutum ya yi sabon layi, ya ajiye tsoho a waya ta musamman, yana ciyar da shi kati, ba ya kiran kowa. Saƙo ɗaya ne ke shigowa wayar nan, kullum bayan la'asar, kuma ya san daga wa yake. Ni dai a shekaruna ban taɓa ganin mai fushi yana yi wa abokin faɗansa gadi da kuɗin aljihunsa ba.

Ka saya wa takwaranka riga, ka sayo mai ɗan girma, don yanzu yana tafiya. Ka tafi da Salmatu da ƙaramar 'yar. Idan asusun ya buɗe, kada ka yi saurin tashi. Ka kunna tatsuniyar a nan tsakar gidan, Arzika ma ya ci tuwon Inna.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa a buɗe da dannawa ɗaya.

Baba Abdulbaƙi.