Kufan Masar

Zuwa ga ƙanena Haruna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya Ladi da yara? Mu nan Karshi lafiya lau.

Audu na wajena, malamin makaranta, ya zo ranar kasuwa. Wai zai kai ɗalibai Masar su ga kufai da gumakan mutanen da. Na ce, "Kufai? Ɗakin kakanka shekara uku a rushe, ko leƙawa ba ka yi ba. Kawo su nan, kallo kyauta ne." Ya yi dariya, ya nemi albarka. Ban sa masa ba har ya tafi.

Jibi zai hau jirgi. Kai ka sa masa albarkar, amma kada ya ji ni na ce.

A yi mana addu'a. Gaida kowa.

Yayanka,
Ɗanjuma